Kibau a Takarda

Shekara arba'in ina ɗinkin koma
a bakin kogi, nan Maiwurno.
Hannuna ya san ƙulli cikin duhu
yadda harshe ya san haƙori.
Sai ga Rumaisa, jikata,
ta ɗora mini takarda a gwiwa:
"Kaka, karanta mini wannan."

Na zaci addu'a ce.
Ashe zagaye-zagaye ne, kamar ƙwan karfasa,
kowanne da 'yar kibiya a cikinsa.
Wata ta nufi dama, wata hagu,
wata ta tafi, ta fasa, ta karyo kwana
kamar wanda ake bi bashi ya hango mai kanti.

Zare takwas ta sayo a kasuwar Sinnar,
ja, shuɗi, fari, ruwan ɗorawa.
Munduwa take so, ta ƙawarta Ihsan
da za su koma Gadarif kafin yankan riɗi.

Na ce ai wannan wasan yara ne.
Na soke zaren da fil a wandona,
na ture takarda, hannu ya yi gaba.
Da la'asar abin da ya fito
hanjin tarwaɗa ne, ba munduwa ba.
Rumaisa ba ta yi dariya ba.
Da ma ta yi.

Kwana biyu ina harara, kibau na harara ta.
Hajjo mai gahawa ce ta leƙo ta kafaɗata,
ta sa yatsa biyu ta juya takardar,
ƙasa ya koma sama.
Ba ta ce uffan ba.
Sukari kawai ta ƙara mini.

Daga nan na sauke girman kai.
Na tsaga kara, na rufe layukan ƙasa,
layi ɗaya nake bari ya yi magana.
Zagaye guda, ɗauri biyu.
In na yi ɗaya, sai ya murɗe kamar mai ciwon wuya.
A layin farko kowa da abokin kokawarsa,
a na biyu, na gefe da gefe sai su zauna
kamar masu jiran fito,
ba a manta da su ba, lokacinsu ne bai yi ba.
Na warware, na warware,
har jan ya fara gashi.

Daren Laraba, wuta ta ɗauke,
ina riƙe da tocila a baki,
sai na gane abin da takardar ke ta faɗi:
launin da ke cikin zagaye
na zaren da ya yi ɗauri ne.
Ɗayan yana ciki, a miƙe, ba a ganinsa,
shi ne ke ɗauke da nauyin ƙullin.

Na cire tocilar daga baki.
Tanimu ya riƙe mini kwale-kwale
shekara goma sha tara.
Ni ake gani tsaye ina jefa birgi,
ni ake ce wa sannu da ƙoƙari.
Damina shida ke nan da muka kai shi.
Ban taɓa ce masa komai ba.

Munduwa ta ƙare ranar Asabar.
A layi na ashirin da bakwai
akwai shuɗi a gurbin ɗorawa,
yana nan kamar baƙo a gidan suna.
Na kai allura, Rumaisa ta riƙe hannuna:
"Bar shi, da shi za ta gane tamu ce."

Yau da hantsi ta kawo wata takarda,
zare goma sha biyu, kibau sun fi na jiya taurin kai.
Na goge tabarau da bakin riga.
Ban ɗaura ko ɗaya ba tukuna,
amma ga wutsiya can wajen layi na tara,
ga ƙaya, ga ido.
Na ce, "Wannan ai kifi ne."
Ta ce, "Wa ya gaya maka?"