Hancin Rami

Ƙarfe biyun dare a Samaru, an ɗauke wuta.
Na haska tocilar waya
kan zanen ramin kwal da ban taɓa takawa ba.

Doka ta ce hanci biyu:
ɗaya ya shaƙa, ɗaya ya fesar,
kada su haɗa hanya.
Ta ce in fanka ta mutu, a tarar da ƙanwarta a tsaye.
In muguwar iska ta haura ƙa'ida,
a kashe inji, kowa ya fito.

Ɗazu mai kamfani ya kira:
"Injiniya Tasalla, hanci na biyun nan
zai ci mini wata takwas."

Babana Barau, mahaƙin rijiya a Tukur-Tukur,
ba ya sauka sai ya zura fitilar ƙwai da igiya.
In harshenta ya rusuna,
sai ya nemi inuwa, ya ɓare goro,
ya ce, "Yau rijiya ba ta son baƙo."

Ran da ya tafi Giwa ta'aziyya,
ƙanensa Mati ya ce fitila ɓata lokaci ce,
gaba tara kawai.
Da ƙugiya aka fito da shi.

Ban goge layin ba.
Na ƙara masa kauri da fensir.
Kowane sashe na dokar nan
wani ya biya shi da numfashinsa,
ba a ko rubuta sunansa ba.

Zafi ya ishe ni.
Na buɗe tagar gabas, na buɗe ta yamma,
gefen takardar ya ɗaga.