Soson Ƙasan Teku a Naraguta

Akwatin ƙanƙara ya iso ranar Talata,
a motar da ta kwana a hanyar Akwanga.
Direba ya ce, "Hajiya, kifi ne?"
Na ce a'a, wani ne da ya fi kifi sanin ruwa.

Soso ne, ɗan guntu, bai kai ƙuli-ƙuli ba,
launinsa na goron da ya daɗe a aljihu.
Da hannun ƙarfe aka tsinko shi,
a ƙarshen igiyar da za ta kai
daga nan Naraguta har Farin Gada.
A can babu hantsi, babu la'asar,
sai duhu da nauyi da sanyi,
kuma duk da haka akwai rayuwa.

Ni ban taɓa ganin teku ba.
Ruwa mafi zurfi da na sani
shi ne kududdufin kuza na bayan Bukur,
ramin da Baba ya haƙa da ƙuruciyarsa,
ana auna masa gumi a sikeli.
Kore shar, shiru, ba ya mayar da abin da ya haɗiye.
Tun muna yara aka hana mu zuwa.

Yanzu Baba na kwance a gado na shida.
Gyambon ƙafarsa ya ƙi jin magana.
Allura iri bakwai aka gwada,
ƙwayoyin cutar sun haddace su duka,
sun daina jin tsawa.

Kaneng ta niƙa soson, ta tace,
na ɗiga ruwansa a farantin da muka shuka cuta.
Ta ce, "Duba shi, ba ƙafar gudu, ba haƙori.
Wanda aka dasa a wuri ɗaya cikin maƙiya
dole ya iya haɗa dafi."
Ƙarfe tara aka ɗauke wuta.
Janareta ya yi tari sau biyu, ya mutu.
Na hau Keke zuwa Taminus neman ƙanƙara,
ina ciniki da mai sayar da zoɓo
don abin da ya fito daga cikin teku
kada ya lalace a kan dutse, mu ji kunyar kowa.

Da safe, ga zobe.
Fili fes kewaye da ɗigon,
bai fi faɗin farcen ɗan yatsa ba,
cutar ta ja da baya, ta tsaya a bakin iyaka.
Kaneng ta riƙe mini hannu:
"Kar ki yi guɗa. Saura ɓeraye, saura kuɗi,
saura shekara goma.
Cikin ɗari, casa'in da tara ba sa kaiwa."

Shekara goma.
Ƙafar Baba ba ta da wata goma.

Da yamma na ba shi labari ina ɓare masa lemo.
Ya yi dariya har ta taɓa ciwon.
"Mu ma kwano ɗari muke wankewa
kafin mu ga baƙin kuza cikin tafin hannu.
Ci gaba da wanki, Ladidi.
Amma ki gaya wa masu igiyar nan
su bar masa iri.
Kada su bar wa teku rami irin namu."

Na koma bayan isha'i.
Na rubuta lamba a gefen faranti: ɗari biyu da sha huɗu.
Na buɗe akwatin, na taɓa ɗan ruwan da ya narke,
na kai harshe.
Gishiri.
Iyakar tekun da na taɓa ɗanɗanawa.