Bayan Rasiɗi

A Suame take sayar da injin jan ruwa,
Madam Rong, mai tabarau ɗaure da zare.
Ni ke ɗauko mata kaya daga sito,
shekara shida ke nan.

Gaban rasiɗi na lissafin sidi ne.
Bayansa kuwa, in an ɗauke wuta,
sai ta haska fitilar waya
ta shiga jera 'yan gidaje da biro,
kowane harafi da ƙofarsa da tagarsa.

Na ce, Madam, wa ke bin ki bashi haka?
Ta ce, mutanen garinmu.
An datse kogi, ruwa ya hau kasuwa,
ya hau kushewar kakarta.
Littafi huɗu ta rubuta a can,
an buga uku, na huɗun aka ce ta ɗan dakata.
Dakatawar ce ta kawo ta Kumasi.

Ran nan muna shan koko a Aboabo
ta ce ta sa ni a labari,
wai ni ne mai kwalekwale,
ina fito da tsofaffi zuwa tudu.
Ni da ko Bosomtwi ban taɓa tsoma ƙafa ba!
Na ce to, a ba ni hula mai kyau.
Ta rubuta.

Yau an sayi inji tara.
Kowa so yake ya janye ruwa daga wani wuri.
Ita da biro take kwarfewa,
cokali-cokali,
har rufin ɗakin uwarta ya fara leƙowa.