Masu Gadi Biyu

A Jyväskylä tafki ya daskare tun watan jiya.
Likita Aune ta zana mini a bayan takardar magani:
kowace ƙwayar hanjinki masu gadi biyu gare ta,
ɗaya gadon uwa, ɗaya gadon uba.
Aikinsu su kama kuskure kafin ya yi 'ya'ya.

Na ubana a kwance ya iso.
Shi kansa Ilmari bai sani ba,
yana sassaƙar kwalekwale, yana zargin kyafaffen kifi,
har ciki ya ƙi karɓar ko ruwa.
Shekara arba'in da huɗu.

Saura na inna, shi kaɗai a bakin ƙofa,
ba canji, ba hutu.
Ranar da ya yi gyangyaɗi a lungu guda
tsiro zai ɗago kai.

Shi ya sa duk shekara biyu
nake shanye ruwan wankin ciki mai gishiri-gishiri,
in kwanta ta gefen hagu.
Bana sun tsinke guda, bai kai ƙwayar wake ba.

Ɗana Eero na waje yana sulu kan ƙanƙara.
Ba a gwada jininsa ba tukuna.
Haɓarsa dai ta kakansa ce.