Ɗaki Na Hamsin

Malama Kaneng ta manna jadawali a bango,
ɗakuna ɗari da sha takwas, kamar barikin lebura,
kowa da lambarsa a ƙofa.
Ta ce: nemo mini ɗan garinku.
Na bi layi da yatsa, na wuce ƙarfe, na wuce azurfa,
sai ga shi a ɗaki na hamsin,
kuza, ya sa harufa biyu kamar ɗan boko,
bai ko gaishe ni ba.

Furoton hamsin, in ji ta, cunkushe a cibiya,
niyutoron na zaune tsakaninsu suna raba faɗa,
ilaktoron hamsin na kewaye a waje,
biyu, takwas, sha takwas, sha takwas,
huɗu na ƙarshe su ne 'yan bakin ƙofa,
su ke ƙulla zumunci da maƙwabta.
Ajiye ƙwayar acca a tsakiyar filin ƙwallo:
acca ce cibiya, filin kuwa atam.
Sauran duk wayam.

Da yamma na kai wa Kaka Jatau labari a Bukuru.
Yana shafa man zafi a gwiwa.
Na ce, Kaka, ashe kuzan da ka ɗauka fanko ne.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
Ya kama hannuna ya ɗora a ƙeyarsa,
inda kwanon sarki ya bar masa kanta
shekara talatin da ɗaya.
Ya ce: gaya wa malamarku
wuyana bai ji labarin wayam ba.

Na buɗe littafi a kan tabarma.
Na nuna masa danginsa a jere:
gawayi can sama, dalma a ƙasa,
gida ɗaya, hali ɗaya, nauyi ne ya bambanta.
Na ce, ɗakin da ke bisa kuza ma
da can babu kowa ciki.
Mai tsara jadawalin ya bar shi a buɗe,
ya ce mai ɗakin na nan tafe,
kuma ya zo.

Kaka ya yi shiru.
Ya dubi tafkin da ke bayan gida,
ramin da suka haƙa da hannu, yau kore shar,
masu kabeji na jan ruwansa da inji.
Ya ce: Gyang da Tanimu suna ƙarƙashin can
tun ranar da gaɓa ta rufta.
Ba wanda ya bar musu ɗaki.

Gobe jarrabawa.
Zan rubuta hamsin, zan rubuta cibiya da kewaye,
zan ci makina.
Amma a gefen takarda, da fensir, ƙanana,
na ja murabba'i biyu,
ban san lambar da zan sa musu ba.