Lissafin Barau

A bangon garejin Lasisi, can Agege,
akwai layukan alli da Barau ya ja
shekarar da ya sauko daga Funtuwa da jaka ɗaya.
Kowace 'yar kumbula irin tasa, layi guda.
Arba'in da ɗaya ya ƙirga,
har da wadda igiya ke riƙe ƙofarta.

Yanzu da yawu da yatsa yake gogewa.

Ta Inuwa ruwa ya ci a Oworo,
daren da titi ya koma kogi.
Ta Mati kuwa wuta.
Mati ya ce ai albasar ta gasu da kyau,
ya yi dariya, sannan ya zauna a ƙasa.
Uku 'yan gwangwan suka auna a sikeli.
Ɗaya tana Ikorodu, kaji ke kwana ciki.
Barau ya ce wannan da sauran ranta,
Lasisi ya ce to ina tayoyin?
Suka ja musu har la'asar,
aka bar mata rabin layi.

Obiora na Ladipo ya daina kawo kayanta.
"Oga, wa zai saya? Ku nawa ne ma?"
Barau bai amsa ba. Ya san adadin.

Shi ya sa mai tafiya ke cin gadon kwantattu:
fitilar hagu ta Inuwa ce,
giya ta Mati,
madubin, Allah kaɗai ya san mai shi.
In ya tashe ta da asuba a Mil Sha Biyu,
kwandon tumatir goma sha huɗu a gadon bayanta,
murya biyar yake ji a inji ɗaya.

Jiya kan gada, gosulo ya kafe,
sai ga wata, shuɗiya, a ɗaya hannun,
ba ta cikin lissafi.
Ya danna hon. Ta amsa da irin tarin nan nasu.
Tsohon da ke tuƙi ya leƙo, ya ɗaga yatsu uku.
Uku suka rage a unguwarsu?
Ko awa uku ya yi a tsaye?
Danfo ta kutso tsakani.

Da dare ya tsaya gaban bango.
Shida da rabi.
Lasisi na wanke hannu da fetur:
"Ka tabbata ba mafarki ka yi ba?"

Alli ya daɗe da ƙarewa.
Barau ya karɓi gawayi wajen mai gasa masara,
ya ja ɗaya, baƙi,
ya bar fili a gefe
ko da ukun nan gaskiya ne.