Kwamfuta Ba Ta Cin Goro

Shekara goma sha ɗaya ina hawa benen Sakatariya,
ambulan a hammata, garin katako a gira.
Akwatin tanda na bakin ƙofa, kore, da kwaɗo uku,
bakinsa siriri kamar na asusu.
Na zuba, na zuba,
ban taɓa ganin ranar fasa shi ba.

Baba Dung masinja yakan ce oga ya fita,
alhali ga shayinsa can yana tururi.
In na ajiye na goro, oga ya dawo.
Kwangilar bencin makaranta kuwa
sai ta bi mai kamfani a cikin jaka,
wanda bai san maɗaci ba, balle afara.

Bana aka cire akwatin.
Na je na gani da idona:
gurbinsa fari fat a bango, ramin ƙusa huɗu.

Zulai ce ta ja ni shagon kwamfuta a Taminus.
Shaidar haraji, rajistar kamfani.
"Baba, wannan ta yi nauyi, sai an rage."
Takardar da iska ke ɗauka, wai ita ce ta yi nauyi!
Ruwan Agusta na dukan kwano,
sabis ya gudu, janareta na tari,
wani ɗan zobe na kewaya fuskar na'ura
kamar akuya a turke.
Sha biyu saura bakwai ya tsaya.
An karɓa.

Ban durƙusa wa kowa ba.
Kuɗin goron na sai wa Zulai dankali da ƙwai.

Ranar buɗewa, suna goma sha tara a jere,
farashin kowa a fili kamar kabejin Farin Gada.
Na zo na uku. Ban samu ba.
Amma yau na san wanda ya kayar da ni,
na san da nawa:
naira ɗari huɗu a kan kowane benci.

Iliya mai walda ya ce in rage murna,
kwamfuta ba ta cin goro,
amma mai riƙe da makullinta yana da haƙora.
Na ji. Ban musa ba.

Jiya Baba Dung ya zo Katako taya kujera,
ya ce benen ya yi tsit.
Na yi masa ragi.
Da dare na zaro fensir daga bayan kunne
na sake lissafin ƙusa.